Kunkuru Ta Dawo Gida Babu Wuta

Tun da muka dawo daga Nijar ban huta ba. Mace za ta kawo ɗinki, kafin ta kwance ƙullin atamfar sai ta ce, "Luba, wai da gaske a cikin mota kuka yi ta kwana?" Wata ta ce, "An ce har ƙanƙara motar ke yi." Masu sa ido kuwa, waɗanda Allah ya hore wa Illela su da yawa, tambayarsu ɗaya ce: motar da ta bar garin nan da fitilu da fanka da ruwan sanyi, mi ya sa ta dawo duhu kamar rumbu? Har an fara cewa ɓarayi ne suka kwance kayan, wasu suka ce gobara ce. Bakina ya gaji, allura kuma ta sha sokina garin ba da labari ina ɗinki. To ga shi na rubuta gaba ɗaya. Wadda ta sake tambayata in miƙa mata ta je gida ta karanta, ni kuma in samu in gama kayan mutane.

Motar ta wana ce, Yaya Attahiru, wanda ke sayar da kayan gyaran mota a bakin kasuwa. Daga Kwatano ya taho da ita, tsohuwar motar Turawa ce mai ɗaki a ciki, da gado da teburi da ɗan wurin wanke hannu. Ranar da ta shigo unguwa aka raɗa mata suna Kunkuru, don tana ɗauke da gidanta a baya, kuma ba ta san gaggawa ba. Yaya bai ji haushi ba. Yadda yake son motar nan, ko Jaka aka kira ta zai amsa.

Ga yadda wutarta take, kamar yadda ya yi ta cusa mani har na haddace. Akwai farantin sola a kan rufi, shi ke shan rana ya zuba a manyan batura biyu da ke ƙarƙashin kujera, kamar dai ana zuba ruwa a randa. In mota na tafiya, inji ma yana ƙara musu. Daga nan sai wani ɗan akwati da ake kira inbata ya juya wutar batir ta koma irin ta gida, ka jona fanka ko firij ko cajar waya. Akwatin nan yana da ido uku, kore da rawaya da ja. Dokar Yaya kuma guda ce: duk abin da ke hura iska ko ya yi sanyi halal ne, duk abin da ke yin zafi, irin su dutsen guga da hita, haramun ne a cikin Kunkuru, don su ne ke shanye batir kafin ka ce kwabo.

Ba yawon shan iska ya fitar da mu ba. Innarmu tana da yaya mace guda da ta rage mata a duniya, kowa Adda yake kiranta, aure ya kai ta wani ƙauye gaba da Tawa tun kafin a haife mu. Shekara da shekaru Inna na cewa za ta je, mu muna hanawa, saboda tana da ciwon suga, kullum sai an yi mata allura, kuma likita ya ja mana kunne cewa maganin nan ba ya son zafi, in ya sha zafi ya zama ruwa. Ƙauyen Adda ko fitilar lantarki babu. Sai ga saƙo a tsakiyar bazara cewa Adda ta kwanta, numfashi na yi mata wuya. Inna ta ajiye carbi ta ce, "Ko bisa jaki na, sai na tahi." Nan Yaya ya daki ƙirji ya ce ga Kunkuru ga firij, magani zai je da sanyinsa ya dawo da sanyinsa.

Sai kun san wani abu kafin mu hau hanya. Yaya shi ne ɗan fari, Inna kuwa mutuniyar da ce, kunyar ɗan fari take yi ta gaske. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ban taɓa ganin ta dube shi ta yi masa magana ba. Yana zaune gabanta za ta ce, "Luba, gaya ma wanki abinci shina hucewa." Mutum da furfura a gemu! Haka na zama tafinta tsakanin mutum biyu masu yare ɗaya, daga Illela har inda muka je.

Mun tashi da sassafe. An loda goro da manja da garin rogo da daddawa da turamen atamfa har Kunkuru ta durƙusa ta baya. Kwalaben allura na jera su da hannuna a firij, na rufe, na tofa addu'a. A bakin iyaka ta wajenmu kowa ya san Yaya, sai tsiya ake yi masa: "Alhaji, yau da gidan gaba ɗaya za a ƙetare? An bar mana filin?" Da muka isa ɓangaren Nijar wani dogon ɗan duwan, wato mai duba kaya, ya shigo ciki. Ya leƙa ƙarƙashin gado, ya ƙwanƙwasa teburi, sannan ya buɗe firij. Sanyi ya doki fuskarsa. Bawan Allah ya tsaya yana duban kwalbar ruwa guda tamkar a cikinta aka ɓoye duk abin da yake nema.

Inna ta ce, "Ɗana, ɗauki ka sha, ba a duba ruwa da ido."

Ya sha, ya yi hamdala, ya tambayi ƙananan kwalaben. Da ta gaya masa sai ya ce tsohuwarsa ma ciwon ke gare ta. Kafin a jima Inna ta tono cewa kakarsa mutuniyar Araba ce, nan kusa da Illela, har ta san gidansu. Shi da kansa ya yi maza ya rufe ƙofar firij ɗin yana cewa, "Kar sanyin Hajiya shi tsere."

A Ƙonni muka tsaya karin kumallo. Ƙonni ai maƙwabta ce, ba baƙon wuri ba, amma har gobe burodinsu na ba ni mamaki: dogo kamar sanda, a saƙale shi a hammata ba ko leda, a yi ta gaisawa da mutane. Inna ta gwada gutsura, ta dube shi ta ce, "Wanga burodi na ko taɓarya?" Sai da aka jiƙa mata a shayi. Nan ne mai shayin ya roƙi a ɗan sa masa wayarsa a kuran, haka suke ce wa wutar lantarki. Na fara laluben adafta, don a gida ramukan soket ɗin Kunkuru ba sa karɓar filoginmu mai ƙafa uku sai da ita. Ashe irin nasu ne, mai ƙafa biyu zagayayyu. Cajarsa ta shige zuruf kamar an auna. Yaya ya yi ta washe baki wai motarsa ta zo garinsu. Bai san abin da ke jiransa ba.

Daga nan muka miƙi hanyar Tawa. Manyan motocin albasa suka yi ta wuce mu, motocin haya suka wuce mu, har wani mai babur da ya goyo rago ya wuce mu, ragon na waiwayenmu. Ana cikin haka Inna ta taɓa ni. "Luba, gaya ma wanki shi rage gudu, ba tsere muke ba." Na isar da saƙo. Yaya ya ce in gaya mata in ya ƙara ragewa, baya za mu fara yi. Amma fa gaskiya tafiyar ta yi daɗi. Waje rana kamar ta narka kwalta, mu kuwa fanka na kaɗawa, ruwan sanyi na hannu, idon inbata kore shar. Na miƙe ƙafa a kan gado ina kallon mutane a matse cikin motar haya, har na fara jin kaina wata matar gwamna, Allah ya yafe mani.

A Tawa muka sauka gidan wani abokin cinikin Yaya, Alhaji Mamman. Yaya ya ce kada a wahala, shi a mota zai kwana, ai amfaninta ke nan. Alhaji Mamman ya haɗe rai. "Baƙona shi kwan cikin mota a ƙohwar gidana? Mi za a ce da ni a Tawa gobe?" Dole Yaya ya bar gadonsa mai fanka ya je ya kwana a zaure kan tabarma, sauro na yi masa waƙa. Mu kuwa maiɗakin Alhaji ta cika mu da hura mai kauri da dambun zogale, ga cuku, wanda suke busarwa fale-fale kamar takarda, a karya a tsoma a shayi. Mutanen Tawa ba sa gajiya da gaisuwa. In ka ce lahiya lau sau goma, an fara ke nan. Kuma da rana ta take kowa zai rufe shago ya je ya kwanta, ko da mai saye na tsaye da kuɗi a hannu, abin da ɗan Illela ba zai yi ba ko da zazzaɓi yake.

Da safe Inna ta jawo ni gefe, ta zaro wani abu daga tsakiyar kayanta. Dutsen guga na lantarki! Ashe tun daga gida ta naɗe shi a cikin zane.

Na ce, "Inna, kin san dokar Yaya."

Ta ce, "Na gaji da doka tai. Ni ba ni shiga wurin Adda kamar an tauna ni an tohwar. Goge mani zanen ga."

Wa ya isa ya musa? Na lallaɓa cikin Kunkuru, na ce minti biyu ai ba wani abu ba ne. Ina jonawa inbata ta ƙwalla wani kuka kamar an taka ɗan tsako, fanka ta tsaya, firij ya yi tsit. Sai ga Yaya a guje daga wurin alwala, ruwa na ɗiga a gwiwar hannu, takalmi ƙafa ɗaya. Kallon da ya yi mani kaɗai ya isa. Ya kashe ya sake kunnawa, firij ya ɗauka, amma ido ya koma rawaya. Maiɗakin Alhaji ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kawo na gawayi ta goge zanen tas. Yaya ya kulle dutsen gugar a akwatin sifanu ya sa makulli a aljihu. Inna ta ce in gaya masa kayanta ne, a Illela za ta karɓi abinta.

Bayan Tawa kwalta ta ƙare, muka shiga rairayi. A wani busasshen rafi Kunkuru ta kafe har ciki, sai da wasu masu amalanke suka kwance shanunsu suka ja mu, muka sallame su da ruwan sanyi. Ɗaya ya kurɓa ya dafe haƙori ya ce wannan ruwa cizo yake. Da la'asar sakaliya muka shiga ƙauyen, jama'a na biye da mu kamar an kawo amarya.

Adda na kwance a wani ɗakin ƙasa mai ƙaramar taga, ta rame, numfashinta na fita da ƙara. Inna, wadda ta kusa kashe mana batir saboda guga, ta zube a ƙasa da gogaggen zanenta ta kama hannunta. Adda ta shafa fuskarta ta ce, "Ke ta, auta? Kin tsuhwa." Inna ta ce, "Ke kuma yarinya kika koma?" Suka yi dariya, dariyar ta juye kuka. Ni ma na yi nawa a bakin ƙofa, ban ɓoye ba.

Kafin in fito, an riga an karrama Kunkuru. Babban ɗan Adda, Malam Sahabi, wanda ya girmi Yaya nesa ba kusa ba, ya sa an shigar da ita ƙarƙashin wani ƙaton gawo da ke jikin ɗakin Adda, inda a cewarsa nan mahaifinsa ke ɗaure dokin babban baƙo. Gawo kuwa kun san halinsa, da rani yake cika da ganye. Bai tsaya nan ba, ya sa aka hau aka shimfiɗa tabarmi a kan rufin, daidai kan farantin sola, wai kar rana ta ci fentin motar ƙanensa. Na dubi Yaya. Fuskarsa kamar ya haɗiyi ƙwallon goriba, amma bakinsa cewa yake, "Madalla, Malam, Allah shi bar zumunci."

Na raɗa masa, "Yaya, ka yi magana mana."

Ya ce, "In ce mi? Mutum ya girmama ni gaban jama'a in ce ya yi kuskure? Bari, da sahe ni janye su a hankali."

Ya kuwa janye. Kafin hantsi wani mai kirki ya gani ya ce iska ta yi ɓarna, ya mayar, har da ɗora duwatsu. Wurin kuma ya yi wani amfani guda da ya ɗaure mana hannu: daga nan ne kaɗai igiyar wutarmu ke kaiwa cikin ɗakin Adda ta taga. Muka kai mata fanka. Da iska ta taɓa ta sai ta buɗe ido ta ce, "Wa na ke hihita haka bai gajiya?" Ranar ta yi barcin da aka ce ta daɗe ba ta samu ba.

Sai kuma wayoyi. Labari ya bazu cewa gidan Malam Sahabi an kawo kuran, kuma ramukan irin nasu ne. Wannan ya ce shi jikan Adda ne, wancan surukin jikanta, wata ta ce ita ta yi wa Adda kitso shekaran jiya. Har wani Buzu ya taho a kan raƙumi da jakar fata cike da wayoyin zangonsu gaba ɗaya. Gadon Kunkuru ya koma kamar tiren mai tallar waya. Wanzamin garin ma ya zo da injin aski. Duk wanda ya zo sai ya durƙusa ya gaida Inna ya yi wa Adda sannu, to da wane baki za ka ce masa a'a? Ido ya bar kore ya koma rawaya, Yaya na ta zagaya mota yana murmushin dole.

Ranar kasuwar yankin, da azahar, zafi ya kai inda kaji ke buɗe baki, inbata ta fara kukan nan. Ido ya yi ja. Yaya ya ciccire wayoyin mutane yana ba da haƙuri, ya kira ni bayan mota. Ya ce man da ya rage iyakarsa ya mai da mu Tawa, ba halin tayar da inji don caji. Abin da ke cikin batir ba zai riƙe firij da fanka tare ba, sai ɗaya. In magani ya lalace, yau ɗin nan za mu juya, kuma ba mu da tabbas za a samu irinsa a Tawa. Ya zare filogin fanka. Ban musa ba, uwata ce. Malam Sahabi ya tafi kasuwa, Yaya kuma ya ce ba zai fitar da mota daga inuwar a bayan idonsa ba, sai ya hau babur ɗin wani ya bi shi, ya yi masa bayani, ya kuma nemo ƙarin igiya.

Ɗakin Adda ya koma tanda. Gumi ya jiƙe ta, ƙirjinta na sama da ƙasa. Inna ta ɗauki mahuci tana fifita, in na karɓa ta ƙwace. Can aka kira ni in duba tuwon da ake yi mana, don ba kowane abu Inna ke ci ba. Ina dawowa na ji fanka na kaɗawa. Na ce a'a, Yaya har ya dawo? Na leƙa mota, ba kowa. Firij shiru, filoginsa a ƙasa, na fanka a soket. Na buɗe, babu kwalba ko ɗaya.

Ashe Inna, matar da a gida ko fitila sai ta kira jika ya kunna mata, ita ce ta hau mota ta gano wane filogi ne na wane. Na same ta zaune gefen gado, ta nuna mani gindin randa da haɓa. Ta naɗe kwalaben a jiƙaƙƙen tsumma, ta sa a ɗan tulu, ta binne shi rabi a cikin jiƙaƙƙen rairayin da randa ke zaune a kai.

Ta ce, "In an ɗauke wuta a Illela, ba haka muke yi ba?"

Na ce, "Inna, wancan na ɗan lokaci ne, kuma asibiti na kusa! Nan fa? In maganin nan ya mutu kika faɗi, ina zan kai ki? Tsoro nake ji, Inna, wallahi tsoro nake ji!" Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar.

Ta ce, "Sassauta, tana kwana." Na duba, Adda ta yi barci, numfashin ya lafa, bakin ɗankwalinta na motsi da iska. Inna ta ce, "Da ƙyanda ta kama ni ina ƙarama, wagga ta zauna kaina da faifai tana hihita har hannunta ya kumbura. Luba, allura ana saida ta a Tawa, ana saida ta a Sakkwato. Adda hwa, wace kasuwa za ki sawo mani ita?"

Na zauna a ƙasa kusa da randa ina yayyafa wa tsumman ruwa, ina jin haushinta, ina jin tausayinta, duk a lokaci guda.

Da Yaya ya dawo da Malam Sahabi, dattijon nan kamar ya nutse don kunya. Ya riƙe baki yana cewa, "Ashe rana ta abincinta! Mu ga mu nan mun ɗaure baƙuwa da yunwa muna cewa karamci. Don Allah mi ya hana ka hwaɗi?" Igiyar da suka samo ba ta isa a kai mota fili ba, ga shi kuma in Kunkuru ta tsaya a rana cikinta zai gasa firij ɗin. Sai Yaya ya yi tsaki ya ɗauko sifana. Ya kwance farantin daga rufin motar da ko yaro bai yarda ya jingina da ita ba, aka ɗora shi a kan ɗakin Adda inda rana ke dukansa tun daga fitowa. Aka kinkimo batura da inbata aka ajiye a kusurwar ɗakin kan benci, aka mai da igiya ta taga zuwa firij. Washegari kafin azahar ido ya bar ja, kwalabe suka koma mazauninsu, fanka ba ta tsaya ba. Malam Sahabi ya kafa dokarsa a kan wayoyi: sai ido ya yi kore, kuma bi da bi. Shi da yake babba, magana ɗaya ya yi aka ji.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Kowace safiya in na soki yatsan Inna na sa a na'urar awo, addu'a nake ta yi kafin lamba ta fito, don ban san ko zafin ranar nan ya taɓa maganin ba. Allah da ikonsa, awo ya yi ta fitowa daidai. Muka ƙara kwanaki fiye da yadda muka shirya. Adda ta fara shan kunu, ta fara zama da matashi a baya, har suka tayar da tsohuwar rigima ita da Inna a kan wadda ta fasa tukunyar uwarsu. Har muka taho ba a gano mai laifi ba.

Ranar komawa aka gama loda tsaraba, cuku da gero da zabi biyu masu baƙin surutu. Yaya ya ɗauki sifana ya nufi ɗakin Adda, na bi shi don in kama masa kaya. Inna na zaune ta juya fuska bango. Adda ta ga sifanar ta yi murmushi.

Ta ce, "Ɗana, ka zo ɗaukar mai hihitar taka? To madalla. Na ji daɗinta kwana biyu, Allah shi saka ma da alheri."

Yaya ya tsaya. Ya dubi fanka, ya dubi batura, ya dubi tsohuwar nan. Sai ya durƙusa ya ɗora sifana a kan notin batir, na ga hannunsa ya juya ta wajen ɗaurewa.

Ya ce, "A'a, Adda. Ƙara ɗaure ta na zo yi, kar ta kwance bayanmu."

Ya fita ya hau rufi ya ƙara wa farantin duwatsu da waya, ya zaunar da Malam Sahabi ya karanta masa karatun da ya yi mani: a goge faranti kowace safiya, in ido ya yi ja a cire komai ban da fanka, abin da ke yin zafi kuma haramun ne. A waje na ce masa, "Maganin Inna fa?" Ya ce tulu zai kai mu Tawa, can mu sayi ƙanƙara mu sa a kula mai riƙe sanyi.

Haka muka kamo hanya, ba fanka, ba ruwan sanyi, zabi na kuka. Tulu na kan cinyata cikin kwanon jiƙaƙƙen rairayi, ina rungume da shi kamar jaririn da aka haifa jiya, zanena ya jiƙe sharkaf. Matar gwamna ta sauka daga mulki. Muka ƙetare rafin da muka kafe lafiya. Sai da muka hango kwalta Inna ta gyara zama ta ce, "Luba." Na juyo ina jiran a ba ni saƙo. Sai ta matsa gaba, ta dafa bayan kujerar direba, ta yi magana da shi, shi kansa.

"Allah shi yi ma albarka. Allah shi ba ka masu yi ma yadda ka yi mani."

Kunkuru ta ɗan yi tangaɗi. Yaya ya gangara gefen hanya ya tsaya, ya ce yana jin kamar tayar baya ta yi sanyi. Ya fita ya tsuguna a gindinta, bayansa na wajenmu, ya daɗe a wurin. Ni ina ganin tayar ta madubi, lafiyarta lau.

Magani ya iso Illela lafiya, mai shi ma haka, ta kuma karɓi dutsen gugarta tun kafin a sauke kaya. To masu tambaya, ba ɓarawo ba gobara. Wutar Kunkuru tana can kan benci a ɗakin Adda. Ranar Juma'ar nan Malam Sahabi ya turo saƙon murya, ya kara wa Adda wayar a baki, amma ya tsaya dab da fanka, ba abin da ake ji sai fuuu, da ɗan muryarta can ƙasa. Na ce bari in sa a sake turo wani. Inna ta riƙe hannuna ta ce in bar shi, in sake kunna mata. Ta saurara har ƙarshe, ta share ido da bakin mayafi, sannan ta dubi ƙofa inda Yaya ke tsaye ta ce, "Luba, gaya ma wanki mai hihitar tana yi."